Lambobi Biyu Da Ke Sa Wa Siffa Fata A Zanen Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kallon wasan ƙwallon ƙafa na kwamfuta ko na wayar hannu, ko fim ɗin da aka sarrafa da na'ura, ya ga 'yan wasa sanye da riguna masu lamba a baya, ya ga ciyawa shimfiɗe a fili, wataƙila ma ya ga damisa da ɗige-ɗigenta tana tafiya kamar mai rai. Abin da ido bai gani ba shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa tsirara aka fara ƙera shi, ba launi ba ado, sa'an nan aka ɗauko wani hoto shimfiɗaɗɗe aka lulluɓa masa. Ita kuwa kwamfuta, duk da saurinta, ba ta san cewa lamba a bayan riga take zama ba, ba ta kuma san cewa ido a kai yake ba. Sai an gaya mata, kuma da lambobi ake gaya mata.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, waɗannan lambobi su ne darasin giraf ɗin nan da ake koyarwa a makarantar sakandare, wanda ɗalibai da yawa kan raina, wasu malamai kuma kan bi ta kansa a gurguje. Makarantar da ta sayi kwamfutoci ta yi sake da wannan darasi, ta sayi doki ne ta bar linzami a kasuwa.

Ƙwarangwal da fata

A cikin kwamfuta, kowace siffa mai tsawo da faɗi da kauri, mutum ce ko kifi ko tulu, raga ce da aka saƙa da ƙananan alwatika, watau siffofi masu kusurwa uku. Kowace kusurwa tana da lambobi uku, x da y da z, masu nuna inda take a sarari. Wannan raga ita ce ƙwarangwal. Fatar kuwa hoto ne na yau da kullum mai kusurwa huɗu, wanda aka zana ko aka ɗauka da kyamara.

Don a haɗa su, sai a ɗauki hoton tamkar takardar giraf. Layin kwance ana kiransa u, yana farawa daga 0 a hagu ya ƙare a 1 a dama. Layin tsaye ana kiransa v, shi ma daga 0 zuwa 1. An zaɓi waɗannan haruffa ne saboda x da y da z sun riga sun sami aiki. Sai a ba kowace kusurwa ta raga nata u da v, watau a nuna mata wurin da za ta ɗebo launi a jikin hoton. Waɗannan su ne lambobin mazauni na fata. Alal misali, idan hoton yana da ɗigo 256 a kwance da 256 a tsaye, kusurwar da aka ba 0.5 da 0.25 za ta ɗebo launinta daga wajen ɗigo na 128 a kwance, na 64 a tsaye. Da yake ma'aunin daga 0 zuwa 1 ne, ana iya sauya hoton da wanda ya fi shi girma ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba.

Kusurwoyi kaɗai ake ba lambobi. Abin da ke tsakaninsu na'ura ce ke ƙiyasta shi. Idan kusurwoyin alwatika uku suna da 0 da 0, da 1 da 0, da kuma 0 da 1, to ɗigon da ke tsakiyarta zai sami matsakaicinsu, watau kusan 0.33 da 0.33. Ɗigon da ya fi kusa da wata kusurwa kuwa, lambobinsa sun fi karkata gare ta. Haka kuma idan aka bar u ta wuce 1, ta kai 4 misali, ana iya umartar na'ura ta maimaita hoton sau huɗu. Ta haka ne hoton bulo ɗaya kan rufe katanga guda, hoton ɓawon kifi kaɗan kuma ya rufe kifi tun daga wuya har wutsiya.

Wanda ya fara bayyana wannan dabara a fili shi ne Edwin Catmull, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Utah ta Amurka a shekarar 1974. Shi ne daga baya ya shugabanci kamfanin Pixar, wanda ya fitar da fim ɗin Toy Story a 1995. Tushen lissafin kuwa ya girme shi da fiye da shekara ɗari uku, domin a 1637 ne René Descartes, mutumin Faransa, ya wallafa aikin da ya haɗa lissafin siffofi da na haruffa, wanda daga gare shi darasin giraf ya samo asali.

Yadda ake miƙa wa na'ura lambobin

Sanin lambobin daban, isar da su ga katin zane na kwamfuta daban. A 1992 kamfanin Silicon Graphics ya fitar da OpenGL, wani tsarin umarni da masu rubuta manhaja ke amfani da shi wajen yi wa katin magana. A tsarin farko, ɗaya bayan ɗaya ake miƙa komai. Mai rubutu zai kira umarnin glTexCoord2f ya ba shi u da v, sa'an nan ya kira umarnin da ke ajiye kusurwar, ya sake komawa ga ta gaba. Wannan hanya tana da sauƙin fahimta, amma mai karatu ya lissafa da kansa: siffa mai kusurwa 100,000 da ake sake zanawa sau 60 a daƙiƙa tana bukatar kira miliyan 6 a kowace daƙiƙa don lambobin fata kawai.

Saboda haka aka sauya salo. Da farko aka ba da damar a jera lambobin duka a tebur guda a nuna wa na'ura inda teburin yake. A 2003, da fitowar OpenGL 1.5, aka shigar da hanyar ajiye teburin a cikin ƙwaƙwalwar katin zanen kansa, yadda ba sai an riƙa aika shi kowane lokaci ba. A 2004 OpenGL 2.0 ya zo da harshen rubuta ƙananan manhajoji da ke gudana a kan katin, waɗanda ke karɓar u da v su yanke launin kowane ɗigo. Daga 2008 zuwa 2009 aka ayyana tsohuwar hanyar nan ta ɗaya bayan ɗaya a matsayin wadda aka daina yayi, aka kuma cire ta daga sabon tsarin.

Sabuwar hanyar ta fi sauri, amma ta fi bukatar natsuwa. A ɗauka an jera wa kowace kusurwa lambobi biyar: x, y, z, u, v. Kowace lamba tana cin bayit 4, ke nan kowace kusurwa tana cin bayit 20, kuma u tana farawa bayan bayit 12. Dole mai rubutu ya gaya wa na'ura waɗannan alƙaluma biyu. Idan ya yi kuskure ya rubuta 16 a maimakon 20, kusurwa ta farko za ta fito daidai, ta biyu kuwa za ta ɗauki z a matsayin u, ta ɗauki u a matsayin v, daga nan kowace kusurwa ta fi ta bayanta ɓata. Na'ura ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta zana abin da aka ba ta, fata ta fito a hargitse.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan yawa. A al'adar OpenGL, ana ɗaukar v tana farawa daga ƙasan hoto, a Direct3D na kamfanin Microsoft kuwa daga sama take farawa, kamar yadda yawancin fayilolin hoto ke jera layukansu. Wanda bai lura ba sai ya ga rubutun riga ya fito a kife. Maganin shi ne a ɗebe v daga 1, lissafin da ɗan firamare zai iya, amma sai wanda ya fahimci giraf zai gane cewa nan ciwon yake.

Ita ma na'ura takan yi nata kuskuren. Na'urar wasa ta PlayStation ta farko, wadda ta fito a Japan a 1994, tana ƙiyasta u da v a tsakanin kusurwoyi ba tare da la'akari da nisa ba. Alhali kuwa duk wanda ya dubi turakun lantarki a gefen hanya ya san na nesa sun fi matsuwa da juna a ido. Sakamakon haka, layukan daɓe da na bango a wasanninta sukan karkace su yi rawa idan ɗan wasa ya matso. Gyaran shi ne a raba u da v da nisan kusurwa kafin ƙiyasi, sa'an nan a warware rabon a kowane ɗigo, kuma haka katunan zane na yau ke yi. Ruwa ba ya tsami banza: kowace karkata da aka gani a fuskar kwamfuta tana da dalilinta a lissafi.

Abin da mahauci da tela suka riga suka sani

Babbar wahalar wannan aiki ta girmi kwamfuta. Hoto shimfiɗaɗɗe ne, jiki kuwa mulmulalle. Mahaucin da ke feɗe rago ya san fata ba za ta shimfiɗu ba sai an tsaga ta ta ciki da ƙafafu, majemi kuma ya san sai an ja ta an kafe kafin buzu ya kwanta sosai. Tela shi ma ba ya lulluɓa wa mutum yadi haka kawai, sai ya yanka gaba da baya da hannuwa, ya zaɓi inda ɗinki zai bi, yawanci inda ido bai cika kaiwa ba. Mai shirya fatar siffa a kwamfuta wannan aikin yake yi: yana tsaga ragar, ya shimfiɗa ta a kan murabba'in u da v, ya ɓoye ɗinkin a ƙarƙashin hammata ko a ƙeya.

A 1827 Carl Friedrich Gauss, masanin lissafi na Jamus, ya tabbatar da hujja cewa ba yadda za a yi a shimfiɗa fuskar ƙwallo a kan takarda ba tare da an ja wani wuri ko an matse wani ba. Gwangwani yana shimfiɗuwa, shi ya sa takardar jikinsa ke fita lafiya. Lemo ba ya shimfiɗuwa, shi ya sa ɓawonsa ke yagewa idan an danna shi. Taswirar duniya da Gerardus Mercator ya zana a 1569 shaida ce a kan haka. A kanta tsibirin Girinlan yakan yi kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka, mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 30, ta ninka shi wajen sau 14. Babu manhajar da za ta ƙetare hukuncin Gauss. Abin da ya rage ga ɗan Adam shi ne ya zaɓi inda za a yanka, da inda za a yarda hoto ya miƙe.

Ina ruwan ilmin halittu?

Ɗalibin ilmin halittu zai iya cewa wannan magana ta masu wasanni ce. Tarihi bai goyi bayansa ba. A 1917, tun babu kwamfuta, D'Arcy Thompson, masanin dabbobi na Sikotlan, ya zana layukan giraf a kan hoton wani kifi, sa'an nan ya nuna cewa idan aka ja layukan aka lanƙwasa su, siffar wani kifin daban takan fito. Wannan ita ce dabarar u da v tun kafin a raɗa mata suna: kowane wuri a jiki yana riƙe da lambobinsa, ko da jikin ya sauya siffa. A 1952 Alan Turing, Baturen Ingila, ya kawo shawarar cewa sinadarai biyu masu cuɗanya suna yaɗuwa a cikin tsoka za su iya haifar da ɗige-ɗige da ratsi-ratsi irin na fatar dabbobi. A 1991 Greg Turk, a Amurka, ya ɗauki wannan lissafi ya gudanar da shi kai tsaye a kan ragar siffa, ya fitar da ratsin jakin dawa da ɗigon damisa ba tare da ya feɗe ragar ba. Su ma masu binciken ƙwaƙwalwa sukan tsaga hoton ɓawonta a kwamfuta su shimfiɗa shi kamar taswira, domin kusan kashi biyu cikin uku na ɓawon a ɓoye yake cikin ninki.

A yau gidajen adana kayan tarihi da jami'o'i suna ɗaukar hotunan ƙashi ko ƙwaro ko ganye ta kowane gefe, manhaja ta haɗa su ta fitar da raga da fatarta, ɗalibi a ko'ina ya juya ta a wayarsa. Wannan ci gaba ne babba ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai a nan ne haɗarin yake. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin da aka yi ta cikin kwamfuta yana bukatar tambaya. Hoton fatar da aka shimfiɗa an ja shi a wani wuri, an matse shi a wani, don haka wanda ya auna girman ɗigon fiffiken malam-buɗe-littafi a kan shimfiɗaɗɗen hoton, ba a kan siffar ba, yana iya samun amsar ƙarya. Bugu da ƙari, ƙwarangwal yana iya zama gaskiya fatar kuwa ta zama zato. Manyan dabbobin zamanin da da aka nuna a fim ɗin Jurassic Park na 1993, launinsu ƙiyasin masu zane ne. An nuna Velociraptor da fata irin ta ƙadangare, amma a 2007 masana suka ba da rahoton alamun mazaunin gashin tsuntsu a ƙashin hannun wannan dabba da aka tono a Mongoliya. Sai a 2010 aka fara samun hujjar launin wasu daga cikin irin waɗannan dabbobi, daga burbushin da aka tono a ƙasar Sin. Ɗalibin da ya san cewa fata daban ake ɗora ta, zai tambayi inda aka samo ta. Wanda bai sani ba zai haddace launin da mai zane ya ga dama, ya ɗauka kimiyya ce.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu za su ce manhajojin yau suna yin wannan aiki da kansu. Gaskiya ne, manhaja irin Blender, wadda kyauta ce tun 2002, tana iya feɗe raga ta shimfiɗa ta cikin ƙiftawar ido. Har ma kamfanin Disney ya fito da wata hanya mai suna Ptex a 2008, wadda ke ba kowace fuska ta raga ƙaramin hotonta don a huta da feɗewa. Amma a cikin kowace ƙaramar fuskar nan, da u da v ake neman launi. Kuma ranar da ɗinki ya bi ta tsakiyar fuskar mutum, ko rubutu ya fito a kife, manhaja ba za ta ce ta yi laifi ba. Wanda ya iya danna maɓalli kaɗai zai tsaya yana kallo, wanda ya san giraf shi zai gyara.

Wasu kuma za su ce makarantu da yawa ba su da kwamfuta, masu ita ma wutar lantarki ba ta zama. Wannan ƙorafi yana da tushe, amma ƙarfafa ra'ayin yake yi. Catmull ya yi aikinsa ne da na'urar da wayar hannu mafi araha a yau ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya riƙe shi ne lissafi, shi kuwa lissafi takarda da fensir sun ishe shi.

Abin da malami zai iya yi a aji

Malamin lissafi zai iya ɗauko kwalin sukari ya sa ɗalibai su ƙirga kusurwoyinsa, za su sami 8. Sai a yanka gefuna 7 daga cikin 12, a shimfiɗa kwalin a kan takardar giraf, a sake ƙirgawa, za a sami 14. Tambayar ina sauran 6 suka fito ita ce darasin ɗinki gaba ɗaya: kusurwa ɗaya a sarari tana iya samun mazauni biyu ko uku a jikin fata. Daga nan ɗalibai su rubuta u da v na kowace kusurwa, su yi musayar takardu, kowa ya gwada zana kwalin ɗan'uwansa daga lambobi kawai.

Malamin labarin ƙasa zai iya nuna cewa layukan taswira su ma u da v ne. Idan aka ƙara 180 a kan digirin gabas aka raba da 360, an sami u. Idan aka ƙara 90 a kan digirin arewa aka raba da 180, an sami v. Birnin Kano, da ke wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas, zai faɗa kusa da 0.52 da 0.57. Da irin wannan lissafi ake lulluɓa wa ƙwallon duniya taswirarsa a kwamfuta. Malamin ilmin halittu kuma zai iya zana da'irori masu girma ɗaya a jikin lemo, a ɓare shi, a danna ɓawon a kan tebur, ɗalibai su ga inda ya yage da inda da'irorin suka lalace. Zai fi kyau malaman uku su shirya darasin tare a mako guda, don ɗalibi ya gane cewa abu ɗaya ake gaya masa da bakuna uku.

Kammalawa

Zanen kwamfuta ya zama sana'a da kuma kayan aikin bincike, a fim da wasanni, a asibiti da ɗakin gwaje-gwaje. Masu shiga wannan fage kashi biyu ne: masu amfani da abin da wasu suka ƙera, da masu ƙerawa su kuma gane kuskure idan ya auku. Abin da ya raba su yana farawa ne daga ranar da malami ya ja layin kwance da na tsaye a kan allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata shugabannin makarantu su ba wannan darasi lokacinsa kafin su yi alfahari da yawan na'urorinsu, malamai su koyar da shi da kwali da lemo da taswira, ɗalibai kuma su riƙa tambayar kowane kyakkyawan hoto da suka gani: wa ya ba shi lambobinsa, kuma daga ina ya samo su?